Tarihin Edmund Burke, Wakilin da Ya Saɓa wa Waɗanda Suka Zaɓe Shi

 A wannan fitowa za mu ƙetare teku ne zuwa ƙasar Ingila, mu ɗauko tarihin wani ɗan majalisa mai suna Edmund Burke, wanda ya rasu tun shekarar 1797. Wataƙila mai karatu ya ce, ina ruwan mazaunin Sabo da Baturen da ya mutu sama da shekara 200? To, dalilin shi ne gardamar nan da ba ta ƙarewa a kasuwannin kara da tashoshin mota da majalisun hira duk lokacin da zaɓe ya ƙarato: shin wanda muka tura majalisa, abin da muka ce zai yi ko da bai gamsu ba, ko kuwa abin da hankalinsa ya ga shi ne daidai ko da ranmu bai so ba? Duk inda masana siyasa suka zauna a kan wannan magana, sunan Burke ne ke fara fitowa. Shi ne ya faɗi matsayinsa a gaban jama'a ranar da suka zaɓe shi, ya tsaya a kai shekara shida, ya kuma rasa kujerarsa a dalilin haka. Bugu da ƙari, shi ma baƙo ne a ƙasar da ya yi siyasa, ya kuwa sha gorin asali har ƙarshen rayuwarsa.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Edmund Burke a shekarar 1729 a birnin Dublin na tsibirin Ayalan, wanda a lokacin yake ƙarƙashin sarautar Ingila. Mahaifinsa, Richard Burke, lauya ne mai bin ɗariƙar Furotesta, wato ɗariƙar masu mulki. Mahaifiyarsa kuwa, Mary Nagle, 'yar ɗariƙar Katolika ce daga yankin Cork. Wannan bambanci ba ƙaramin abu ba ne a wancan zamani. Katolika su ne mafi yawan mutanen tsibirin, amma doka ta hana su jefa ƙuri'a, ta hana su shiga majalisa, ta hana su aikin lauya, ta hana su sayen ƙasa. Kai, ko doki ba a yarda ɗayansu ya mallaki wanda kuɗinsa ya wuce fam 5 ba. An rene shi a ɗariƙar mahaifinsa, amma ya yi wasu shekaru na ƙuruciya a wajen dangin mahaifiyarsa, ya ga yadda doka ke iya mai da mutum bare a ƙasar kakanninsa. Wannan abu bai taɓa fita daga ransa ba.

Ya yi karatu a wata makaranta da ke garin Ballitore, sannan a 1744 ya shiga Kwalejin Trinity ta Dublin, ya gama a 1748. A 1750 mahaifinsa ya tura shi Landan ya koyi aikin lauya. Sai dai kash! Zuciyar yaron ba ta wajen. Ya watsar da karatun, ya kama rubuce-rubuce, abin da ya ɓata wa uban rai matuƙa. A 1757 ya fitar da wani littafi na falsafa wanda ya sa manyan marubutan Landan suka san da zamansa, a shekarar ce kuma ya auri Jane Nugent, 'yar wani likita ɗan Katolika.

SHIGARSA SIYASA

A 1765 wani basarake mai suna Lord Rockingham ya zama Firayim Minista, ya ɗauki Burke a matsayin sakatarensa. A ƙarshen shekarar ya shiga majalisar dokoki daga wata ƙaramar mazaɓa da ake kira Wendover. A nan ya kamata mai karatu ya fahimci yadda zaɓe yake a Ingila ta wancan lokaci. Mata ba su jefa ƙuri'a, yawancin maza ma ba su da ita, kuma a fili mutum ke faɗin wanda ya zaɓa. Mazaɓu da yawa ƙanana ne ƙwarai, suna cikin aljihun wani basarake ko attajiri, wanda ya nuna da yatsa shi ne zai je majalisa. Wendover irinsu ce, a hannun wani Lord Verney take. Wato dai ubangida ne ya kai Burke majalisa da farko.

Da ya fara buɗe baki, sai kowa ya san an samu gwanin magana. Amma fa abokan gaba ba su ƙyale shi ba. Suna yi masa dariya saboda karin harshensa na mutanen Ayalan, suna raɗe-raɗin wai ɗan Katolika ne a ɓoye, masu zanen barkwanci a jaridu kuma suna zana shi cikin kayan limaman Katolika. Ga shi ba mai dukiya ba. A 1768 ya ci bashi ya sayi gida da gona a Beaconsfield, bashin kuwa ya daɗe yana wahalar da shi.

ZAƁEN BRISTOL NA 1774

Bristol tashar jiragen ruwa ce, a lokacin ana ƙirga ta birni na biyu bayan Landan, kuma masu ƙuri'a a cikinta dubbai ne, ba wanda ya isa ya sa su a aljihu. Arzikin attajiranta ya dogara ne a kan ciniki da Amurka da tsibiran da ake noman rake, ga kuma cinikin bayi. Da rikici ya fara zafi tsakanin Ingila da mutanenta mazauna Amurka a kan haraji, sai hankalin wasu 'yan kasuwar Bristol ya tashi, domin yaƙi na nufin kasuwarsu ta mutu. Sun ji Burke yana kiran a yi sulhu, saboda haka suka aika masa ya zo ya tsaya musu takara. Saƙon ya same shi ne a garin Malton, can arewacin Ingila, inda ubangidansa Rockingham ya riga ya samar masa kujera. Ya bar ta, ya hau keken doki ya nufo Bristol.

An shafe fiye da mako uku ana jefa ƙuri'a. Wakilai biyu birnin ke turawa. Henry Cruger, wani ɗan kasuwa haifaffen New York, ya zo na ɗaya da ƙuri'a 3,565, Burke ya bi masa da 2,707, shi kuwa Matthew Brickdale ya faɗi da 2,456. Ranar 3 ga watan Nuwamba aka bayyana sakamako, waɗanda suka ci suka tashi yin godiya. Cruger ya nuna wa jama'a cewa zai bi duk umurnin da suka ba shi. Da aka zo kan Burke, maimakon ya bi sahu ya sha tafi, sai ya ɗauko maganar da har gobe ake karantar da ita a jami'o'i.

Taƙaitaccen abin da ya bayyana musu shi ne, wajibi ne wakili ya kusanci jama'arsa, ya saurare su, ya girmama ra'ayinsu, ya fifita buƙatarsu a kan tasa, ya hana idonsa barci domin hidimarsu. Amma akwai abin da ba zai miƙa wa kowa ba, wato hankalinsa da abin da zuciyarsa ta gamsu shi ne gaskiya, domin wannan amana ce da za a tambaye shi a kanta. A ganinsa, da ƙarfinsa da tunaninsa duka jama'a suke binsa bashi, in kuwa ya ajiye tunanin don ya faranta musu, to ya cuce su. Ya kawo hujja cewa yin doka aiki ne na sauraron hujjoji da auna su, ina amfanin muhawara in an riga an yanke hukunci tun daga gida, a bakin mutanen da ba su ji abin da za a faɗa a zauren majalisa ba? Ya ƙara da cewa majalisa taro ne na ƙasa ɗaya, don haka wanda Bristol ta zaɓa, da zarar ya zauna, alhakin ƙasar baki ɗaya ne a wuyansa.

Jama'a dai sun ji, an watse cikin murna. Faɗar magana ba wuya, ranar cika ta ce abin kallo.

RANAR GWAJI

A kan batun Amurka, Burke bai sauya ba. A watan Maris na 1775 ya yi dogon jawabi yana roƙon majalisa ta sasanta, aka kayar da shawararsa da ƙuri'a 270 a kan 78. Wata guda bayan haka yaƙi ya ɓarke, a 1776 Amurka ta ayyana 'yancin kanta. Da jini ya fara zuba, sai da yawa daga mutanen Bristol suka koma bayan gwamnati, masu kiran sulhu aka fara yi musu kallon marasa kishin ƙasa. A 1777 Burke ya rubuta wa hukumomin birnin doguwar wasiƙa yana bayyana dalilansa.

Babbar rigima ta taso ne a 1778, a kan kasuwancin Ayalan. Tun da daɗewa dokokin Ingila sun ɗaure wa tsibirin hannu: an hana shi fitar da tufafin ulu da gilashi zuwa ƙasashen waje, an kuma taƙaita masa ciniki kai tsaye da ƙasashen da Ingila ke mulka. Aka kawo ƙudurin sassauta wasu daga cikin waɗannan dokoki. Attajiran Bristol suka ce ba su san zancen ba, domin suna tsoron kishiya a kasuwa. Ƙungiyarsu ta rubuta wa Burke cewa ya tsaya ya yaƙi ƙudurin. Har waɗanda suka kashe kuɗinsu wajen zaɓensa suna cikin masu matsa masa. Burke ya ba su amsa a rubuce, cikin ladabi, cewa ba zai iya ba. Ya nuna musu cewa arzikin maƙwabci ba ya rage naka, in mutanen Ayalan suka samu abin hannu, su ne za su zama masu sayen kayan Bristol, kuma ƙasar da ke shirin rasa Amurka saboda danniya bai kamata ta maimaita kuskuren a ƙofar gidanta ba. Ya tashi a majalisa ya goyi bayan ƙudurin.

Nan fa aka ce ai dama an faɗa, baƙo ne, 'yan uwansa yake yi wa aiki da ƙuri'ar Bristol. Saboda matsin 'yan kasuwa, majalisa ta zaftare ƙudurin, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Me ya biyo baya? A 1779 mutanen Ayalan suka ƙaurace wa kayan Ingila, dakarun sa-kai ɗauke da makamai suka yi jerin gwano a Dublin suna neman a sakar musu kasuwa. Kafin shekarar ta ƙare, gwamnatin Lord North ta miƙa wuya, ta ba da fiye da abin da aka hana a 1778. Abin da aka ƙi bayarwa da girma da arziki, sai ga shi an bayar cikin tsoro.

Rigima ta biyu kuma ta addini ce. A 1778 majalisa ta yi dokar da ta sassauta wa Katolikan Ingila, ta ba wanda ya yi rantsuwar biyayya ga sarki damar mallakar ƙasa da gadonta, ta kuma soke hukuncin ɗaurin rai da rai da ke kan limamansu da malaman makarantunsu. Burke na cikin masu goyon baya. A watan Yuni na 1780 wani Lord George Gordon ya jagoranci dubun-dubatar mutane zuwa majalisa da takardar koke a soke dokar. Zanga-zanga ta rikiɗe ta zama tarzoma, aka yi kusan mako guda Landan na ci da wuta. An ƙone wuraren ibadar Katolika da gidajensu, an fasa kurkukun Newgate, ɗaruruwan mutane suka mutu kafin soja su kwantar da ƙurar. Gidan Burke na cikin waɗanda aka yi wa barazana, dole ya kwashe iyalinsa da takardunsa. Shi kansa kuwa ya ƙi ɓuya. Ya fito titi ya shiga cikin masu tarzomar, yana faɗa musu sunansa, ya kuma ƙi yi musu alkawarin sauya ƙuri'arsa.

Abu na uku, ya goyi bayan wani ƙuduri na sauƙaƙa wa waɗanda aka ɗaure saboda bashi, domin a lokacin mai bin bashi na iya sa a tsare mutum shekara da shekaru. A birnin 'yan kasuwa, inda kowa ke bin wani kuɗi, wannan ma bai yi wa mutane daɗi ba.

RABUWA DA BRISTOL

Da zaɓen 1780 ya zo, Burke ya koma Bristol. Ranar 6 ga watan Satumba ya tsaya a zauren birnin ya amsa tuhumar da ake yi masa ɗaya bayan ɗaya: kasuwancin Ayalan, 'yan bashi, Katolika, da kuma rashin ziyara. A kan ukun farko bai ba da haƙuri ba. Ya nuna musu cewa buƙatarsu ya kare ko da ya saɓa wa ra'ayinsu, kuma ba wanda ya zarge shi da cin hanci ko zaluntar wani, iyakar laifinsa shi ne ya yi nisa wajen tausaya wa waɗanda aka danne. A kan ziyara kuwa, ya tuna musu irin zirga-zirgar da ya sha yi a ofisoshin gwamnati a Landan domin jiragensu da hajojinsu. Gaskiya ne ya yi wannan hidima. Amma kuma gaskiya ne cewa ya yi kusan shekara huɗu bai taka Bristol ba. Wasiƙa yake aikowa, alhali mutane fuska suke son gani. Zumunta dai a ƙafa take.

Da ya zagaya gari ya ga babu alamar nasara, ranar 9 ga wata ya janye daga takarar. Wani abin lura, Cruger ma da ya yi alkawarin biyayya, faɗuwa ya yi a wannan zaɓe, sai a 1784 ya sake dawowa. Shi kuwa Burke, Rockingham ya sake ba shi kujerar Malton, ya riƙe ta har 1794.

SAURAN RAYUWARSA

Bayan Bristol, ya riƙe muƙamin mai biyan albashin soja a 1782 da 1783, ya kuma yi ƙoƙarin rage ofisoshin banza da ake rabawa don sayen bakin 'yan majalisa. Daga nan ya mai da hankali ga Indiya, inda ya zargi Warren Hastings, babban gwamnan yankunan da kamfanin Ingila ke mulka a can, da zaluntar mutanen ƙasar. An fara shari'ar a 1788, aka yi ta ja har 1795, a ƙarshe aka wanke Hastings. Da aka yi juyin juya hali a Faransa a 1789, yawancin 'yan jam'iyyarsa suka yi murna, shi kuwa a 1790 ya fitar da littafi yana gargaɗin cewa abin zai ƙare ne da zubar da jini da mulkin soja. Wannan ya raba shi da amininsa Charles James Fox a zauren majalisa a 1791, har Fox ya zubar da hawaye. Wato yadda ya saɓa wa masu zaɓensa, haka ya saɓa wa jam'iyyarsa. A 1793 aka fille wa sarkin Faransa kai.

Ya bar majalisa a 1794, ɗansa Richard ya gaji kujerar Malton, amma ba a yi nisa ba yaron ya rasu, abin da ya karya wa tsohon zuciya. Edmund Burke ya rasu ranar 9 ga watan Yuli, 1797, aka binne shi a Beaconsfield. A 1894, bayan kusan shekara ɗari, Bristol ɗin da ta juya masa baya ta kafa masa mutum-mutumi a tsakiyar gari.

INDA AKA SAME SHI DA RAUNI

Ba za mu yi wa mai karatu adalci ba in muka tsaya a yabo. Na farko, jiragen Bristol na cikin waɗanda ke zuwa Bonny da Kalaba ɗibar bayi, amma a shekara shidan da ya wakilci birnin bai kawo wani ƙuduri na hana wannan mugun ciniki ba. Wajen 1780 ya tsara wata takarda ta yadda za a daidaita shi a kuma kawo ƙarshensa sannu a hankali, sai dai ya ajiye ta, sai a 1792 ya aika wa wani minista. A 1789 ya mara wa William Wilberforce baya a majalisa wajen neman a hana cinikin, a lokacin kuwa ba shi da sauran ƙuri'ar da zai rasa a Bristol. Na biyu, bai yarda a faɗaɗa 'yancin jefa ƙuri'a ga talakawa ba. Na uku, yana da sauƙi mutum ya ce ba zai bi umurnin jama'a ba in yana da ubangidan da zai ba shi wata kujera gobe. Masu sukarsa sun ce ya kuɓuta daga hannun dubban masu zaɓe ne ya koma hannun basarake ɗaya.

ABIN DA YA RAGE MANA

Mu da ke zaune a garuruwan da ba na kakanninmu ba, wannan tarihi ya shafe mu ta fuska biyu. In ɗanmu ne aka zaɓa, kamar yadda Malam Umaru Altine, mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garin Enugu na farko a shekarun 1950, to wakilin kowa da kowa ne, bai kamata mu ɗora masa nauyin yi wa unguwarmu kaɗai aiki ba. In kuma ɗan gari ne ke wakiltarmu, mu tuna cewa ranar da hankula suka tashi, marasa rinjaye ba su da garkuwar da ta wuce wakilin da zai iya kallon masu rinjaye ya ce musu a'a. Da Burke ɗan amshin Shata ne, da Katolikan Ingila da mutanen Ayalan ba su samu bakin da zai yi musu magana daga Bristol ba.

Amma wannan 'yanci yana da sharaɗi. Wakilin da ya saɓa wa jama'arsa, sai ya zama a kan gaskiyar da zai iya faɗa a fili ne, kamar yadda Burke ya rubuta dalilansa ya sa hannu, ba don an kira shi gefe an cika masa aljihu ba. Sai kuma ya dawo gida ya zauna da mutane ya yi musu bayani, wanda a nan ne Burke ya gaza. Daga ƙarshe, sai ya yarda cewa wuƙa da nama na hannun masu ƙuri'a. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ma, a sashe na 69, ya ba jama'a damar yi wa ɗan majalisar tarayya kiranye, in fiye da rabin masu rajista a mazaɓarsa suka sa hannu a takardar koke, aka kuma tabbatar da hakan ta ƙuri'ar raba gardama. Burke bai kai ƙara ba, bai yi hayar 'yan banga ba, bai zagi mutanen Bristol ba. Ya yi musu godiya a kan shekara shidan da suka ba shi, ya kama hanyarsa.

A nan za mu dakata. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.